In gudun tarakta ya rikice a masussuka, ina za a fara dubawa?



Zamanin da ma'aikatar ACREMA ta Tawa take ƙera mana garmar shanu da amalanke, ƙarfin aikinmu yana wuyan sa da bayan jaki. In sa ya gaji, kowa yana gani. Yau a garuruwa da yawa tarakta ce ke huɗa da damana, in kaka ta yi kuma a ɗaura mata injin sussuka a baya, ko injin niƙa, ko famfon jawo ruwa. Ita ma tana gajiya, tana rikicewa, amma ba kowa ke gane alamarta ba. Sai ka ji inji yana hawa yana sauka, ko ya yi sanyi da an zuba masa damin hatsi. Nan da nan wani ya ce a kawo sifana a ƙara mata wuta. To, wannan ƙarin wutar shi ke kashe tarakta.

Wannan bayani na direba ne da yaronsa. Amma har da ku shugabannin ƙungiya da ma'aji, don daga asusunku kuɗin gyara ke fita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.

Sandar juyi

Ku zagaya bayan tarakta, ku duba tsakanin hannuwan nan biyu masu ɗaga garma. Za ku ga wani guntun ƙarfe ya leƙo, kaurinsa milimita 35, da tsaga-tsaga a jikinsa. Da Faransanci sunansa piriz da fors, wato wurin ɗaukar ƙarfi. Makanikan wajen Sakkwato suna ce masa pitiyo. Mu a nan za mu kira shi sandar juyi. Ta nan ƙarfin inji yake fita ya shiga wata na'ura, alhali tarakta tana tsaye wuri ɗaya. Ba tarakta kaɗai ke da ita ba. Manyan motocin da ke juye dutse a ma'aikatar siminti ta Malbaza, da motocin tankin ruwa, da motocin haƙar rijiya, duk suna da irinta a jikin akwatin giya.

Abin ya daɗe. Kamfanin International Harvester na Amurka ya fara sa ta ga taraktarsa a 1918. A 1927 masu ƙera injunan gona na can suka yarda a kan gudu ɗaya, juyi 536 a minti, daga baya aka mai da shi 540. A 1958 aka ƙara wani gudu, juyi 1000, don manyan na'urori. Har yau a kan waɗannan lambobi biyu ake ƙera injunan sussuka da famfuna, ko daga Indiya suka zo, ko Sin, ko Turkiyya.

Ga yadda za ku gane taku, inji yana kashe. Ku ƙirga tsagar da ke jikin sandar. In 6 ce, ta 540 ce. In 21 ce, ta 1000 ce. Akwai wani ƙarfen haɗi da ake sayarwa wanda ke sa bakin 6 ya zauna a kan bakin 21. Baki zai zauna, amma gudu ba zai sake ba. Injin sussukar da aka ƙera don 540 zai yi gudu kusan ninki biyu, kuma ƙarfen cikinsa yana iya fashewa ya watsu cikin mutane.

Sandar ba ta da gudun kanta, na inji take bi. Don ta yi 540, sai inji ya kai wani gudu da masu ƙera shi suka yanke. A kan taraktoci da yawa yana tsakanin juyi 1600 da 2200 a minti. Ba sai kun haddace ba. Ku dubi agogon gudun inji da ke gaban direba, akwai alama ko lamba 540 a jikinsa. Nan ne allura za ta tsaya tun daga farkon aiki har ƙarshe. Kuma da totur na hannu ake kai ta can, ba da na ƙafa ba. Ƙafa tana gajiya, tana rawa.

Me ya sa muke nacewa a kan lambar nan?

Wajen sussuka, in gudu ya yi ƙasa, tsaba tana fita tare da ƙaiƙayi, iska ba ta sheƙe ta da kyau, zangarniya ta fito da sauran hatsi a jikinta. In ya yi yawa, tsaba ta farfashe. Wake da alkama sun fi jin wannan. Waken da ya tsage ba ya yin iri, ba ya jimrewa a rumbu, kuma mai saye a kasuwa zai rage maka kuɗi.

Wajen ruwa lissafin ya fi ban mamaki. Gandarin Konni, mai eka 2,452 irin ta Faransa, wanda aka gina kashi biyu tsakanin 1976 da 1982, ruwansa da kansa yake gangarowa daga madatsun Mozage da Zango ya bi ta Cerasa. Amma kowa ya san in rani ya yi nisa ba kowace gona ruwan kanal yake isa ba. Masu albasa na kwarin Majiya, daga Galmi da Dogarawa har Tsarnawa, da masu lambu na Badagishiri, da famfo suke ban ruwa. To, famfo mai farfela ba ya yafe ragin gudu. In ka rage masa kashi 10 cikin 100, ruwan da yake bayarwa ya ragu da kashi 10, amma tsawon da yake iya tura ruwan ya ragu da kashi 19. Famfon da iyakarsa mita 20, sai ya tsaya ga mita 16. Ka ga ruwa ya ƙi kai bakin fangali, ka ce rijiya ta janye, alhali allura ce ta sauka. In kuma ka ƙara masa kashi 10, ƙarfin da yake nema ga inji ya ƙaru da sulusi. Gazuwal ɗinka ne ke tafiya.

Gwamnan da ke cikin inji

Cikin pompin da ke raba gazuwal ga inji akwai wata ƙaramar na'ura. Masu Faransanci suna ce mata regilater, makanikai da yawa suna ce mata gwamna. Aikinta irin na mai tsaron ƙofar kanal ne. In gona ta nemi ruwa ya buɗe, in ta ƙoshi ya rage. Akwai wasu ƴan ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da inji, da wani sifirin da ke ja musu. In ka zuba dami, inji ya ji nauyi ya fara sanyi, ƙarafan su rufe, sifirin ya buɗe ƙofar gazuwal. In dami ya wuce, inji ya nemi gudu, ƙarafan su buɗe, su rage man. Totur ɗin hannunka ba mai yake zubawa ba, sifirin ɗin nan yake ja, wato yana gaya wa gwamna gudun da kake so.

Saboda haka in ka zuba dami ka ji inji ya ɗan nisa, allura ta ɗan sauka ta komo, wannan ba ciwo ba ne. Gwamna ne ke aikinsa.

A ganina, cikin abubuwan da ke rikita gudu, gwamna shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma. Yana cikin rufaffen wuri, ƙura ba ta kai masa. Abin da ke waje shi ya fi lalacewa: iska, mai, bel, da ƙarafan totur. Gwamna yana iya buɗe ƙofa har iyaka, amma in babu ruwa a kanal me zai wuce?

Tambaya ta farko

Da na'ura ta yi sanyi, kafin kowa ya taɓa sifana, a dubi allura. Amsa biyu ce kawai. Ko allura tana nan a kan alamarta, ko ta sauka.

In tana nan daram amma injin sussuka ya yi sanyi, to injin tarakta lafiyarsa lau. Ƙarfi yana ɓacewa ne a hanya. A cire sandar daga aiki, a kashe inji, a zare makulli, a jira kome ya tsaya cik. Sai a fara da bel. Bel ɗin da ya saki yana kuka, yana zafi, gefensa yana sheƙi kamar an shafa masa mai. A ɗaure shi, in ya cinye a sake. Kada a zuba masa ƙasa ko toka wai don ya kama, wannan cin fule yake yi. Daga nan a duba doguwar sandar da ta haɗa tarakta da na'ura, wadda ake ce wa kardan. Wasu suna da faifan kariya mai sulɓewa in nauyi ya yi yawa, in ya cinye sai ya riƙa sulɓewa ko babu nauyi, za ku ji shi da zafi da wari. Wasu kuma noti ne mai laushi aka sa musu, don ya karye in dutse ko itace ya shiga na'ura. In ya karye a sa irinsa. Wanda ya sa guntun rodi a madadinsa, ran da dutse ya shiga, haƙoran giya ne za su karye, kuma kuɗinsu ya ninka na noti sau da yawa.

In duk wannan lafiya, saura kuloci, wanda wasu ke ce wa ambirayaji. A kan tsofaffin taraktoci irin Massey Ferguson, taki ɗaya ne mai hawa biyu: rabin taki ya tsai da tafiya, cikakken taki ya tsai da sandar juyi. Dole ya kasance da ɗan sako a sama kafin ya fara kamawa. In babu sakon nan, kuloci yana sulɓewa, za ku ji warin ƙuna. Direban da ke ɗora ƙafa a kansa yana hira, shi ke cinye shi. Taraktocin da sandarsu ke kamawa da ƙarfin mai kuma, a duba man akwatin baya da matacinsa.

In allura ta sauka

Yanzu ciwon yana ga inji. Ku ɗaga kai ku dubi hayaƙi.

Baƙin hayaƙi yana nufin gwamna ya ba da mai amma iska ba ta isa ta ƙone shi ba, ko kuma nauyi ya fi ƙarfin inji. A fara da rage zubi. Masu zuba dami suna gasa, kowa yana son nasa ya ƙare kafin la'asar, sai su cusa dami biyu a lokaci ɗaya. In an rage zubi allura ta komo, babu abin gyara sai mutane. In ba ta komo ba, a buɗe filtar iska. Masussuka ita ce wuri mafi ƙura da tarakta ke aiki, balle in hazon hunturu ya haɗu da ƙaiƙayi. Filtar mai tasar mai a ƙasa, a duba ta kowace safiya, in laka ta taru a zubar, a wanke, a zuba sabon mai daidai zanen da ke jiki. Ta takarda a kakkaɓe ta a hankali, kada a wanke ta da gazuwal, kada a buga ta da dutse. In ta huje a yar. Kuma kada a ce bari a cire ta a ƙarasa aikin yau. Yini ɗaya ba filtar ya isa ƙura ta cinye cikin inji. A tsai da tarakta ta inda iska ke fitowa, ƙaiƙayi ya tafi can baya. A share ragar lagireto, don injin da ya yi zafi shi ma ƙarfinsa raguwa yake yi.

In allura ta sauka kuma babu hayaƙi, inji yunwa yake ji. Mai ba ya isowa. A bi hanyarsa tun daga tanki. Murfin tanki yana da ɗan rami na shan iska, in ya toshe ko an maye shi da tsumma da leda, inji zai yi aiki na ɗan lokaci sa'an nan ya fara shaƙewa. A duba famfon tanki da ƴar ragar da ke cikinsa. A duba ƙoƙon gilashi da ke ƙasan filtar: ruwa ya fi gazuwal nauyi, za ku gan shi kwance a ƙasa. A zubar da shi. Sa'an nan filtar gazuwal kanta. A kan taraktoci da yawa ana sake ta bayan awa 500 na aiki, baƙin mai kuma bayan awa 250, amma da irin man da muke samu, kada ku jira ta cika.

Bari in tsaya kaɗan a kan mai. Mu mutanen bakin iyaka mun saba da man jarka da na kwalba. Ba duka ne mugu ba, amma ba ka san abin da jarkar ta ɗauka jiya ba, ba ka san ko an gauraya shi da kananzir ba. Pompin gazuwal da man kansa yake samun santsi, kuma tsakanin ƙarafan cikinsa ko gashin kai ba ya wucewa. Ruwa kaɗan ya sa shi tsatsa, rairayi kaɗan ya goge shi. Ƙungiyar da ke da tarakta ta nemi duro, ta kwantar da shi a inuwa, ta ɗan ɗaga gefen famfo, mai ya kwana biyu kafin a ɗiba, kuma kada a ɗiba har ƙasa. Duro mai rufin tutiya, irin na bokitin ruwa, bai dace da gazuwal ba. A cika tankin tarakta da yamma, don tanki mai rabi yana tara raɓa da dare.

In yana hawa yana sauka

Wannan shi ne wanda ya fi sa a zargi gwamna. Ba a taɓa totur ba, ba a sake zubi ba, amma inji yana wuu, yana sauka, yana wuu. Galibi iska ce ta shiga hanyar mai. Tana shiga in tanki ya ƙare, ko an sake filtar, ko wani tiyo ya tsage, ko robar filtar ba ta zauna daidai ba. Maganinta a hannunku yake. A sassauta ƙaramin notin da ke kan filtar, a riƙa danna hannun ƙaramin pompin da ke gefen inji, har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. A yi haka kuma ga notin fitar da iska na jikin babban pompi. In gobe abin ya komo, akwai inda take shiga, a nemi wurin da ke da danshi.

Gargaɗi ɗaya a nan. Ƙananan bututun ƙarfe da suka tashi daga pompi zuwa kan inji, matsin da ke cikinsu ya fi na tayar mota sama da sau 50. Kada a laluba yoyonsu da yatsa inji yana aiki. Man yana huda fata, kuma wanda ya same shi sai asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba.

In babu iska, a kashe inji a bi ƙarafan totur da hannu, daga wurin direba har jikin pompi. A nemi inda ya yi sako, inda fil ya faɗi aka sa waya, inda sifirin ya miƙe ko ya ɓata. Wani lokaci kuma gudu ba hawa da sauka yake ba, raguwa yake a hankali. Ku sa ido ga totur na hannu, za ku ga girgiza tana mai da shi baya da kansa. A gindinsa akwai wani faifai da noti mai riƙe shi. A ɗan ƙara ɗaure notin. Ba sai an ɗaure totur da igiya ba. In kuwa ƙara ce kaf-kaf tare da girgiza, ku dubi kardan: ya kamata ya miƙe sosai tsakanin tarakta da na'ura. In ya karkace da yawa, juyinsa ba ya tafiya daidai.

Agogon kansa yana mutuwa. Wayarsa ta tsinke, allura ta kwanta, direba ya koma aiki da kunne. Kunne yana gane sauyi, amma ba ya gane 540. Sandar tana juyi 9 a daƙiƙa ɗaya, ido ba ya ƙirga wannan. A sake wayar. Akwai kuma ƙaramin agogon hannu mai haske: a liƙa ƴar takarda mai sheƙi a jikin fule inji yana kashe, a tsaya nesa a haska, lamba ta fito. Guda ɗaya ya ishi ƙungiyoyi biyu ko uku.

Sababbin taraktoci da manyan motoci na yanzu, gwamnansu na lantarki ne. Ba su yarda su riƙe gudun sandar juyi sai sun tabbata an ja birkin hannu, giya tana sake, wasu har sai direba yana kan kujera. Kowane ɗaya da ɗan makunninsa. In ɗaya ya lalace, ko ɓera ya ci waya a lokacin da tarakta take ajiye kusa da rumbu, sai gudu ya ƙi hawa ko sandar ta riƙa tsayawa. A duba fis, a duba bakin batir, a duba wayoyi. Kada a haɗe wayar makunni don a huta, an sa shi ne don ran mutum.

Notin da aka ɗaure da darma

A jikin pompi akwai noti ɗaya ko biyu da aka zarga wa siririyar waya aka danne da darma. Su ne iyakar gudu da iyakar mai. A kan teburin awo na musamman aka daidaita su. Wanda ya tsinke wayar ya juya su a gindin bishiya, zai ji inji ya ƙara kuka, ya ga baƙin hayaƙi, ya ce ƙarfi ya zo. Filtar da ta toshe tana nan yadda take. Abin da ya ƙaru shan mai ne da zafi, kuma ran da bel ya tsinke nauyi ya sauka, babu mai tsai da inji. Haka masu ƙananan injunan ban ruwa na esansi suke yi in sun ɗaure hannun gwamna da waya: ruwa ya ƙaru mako ɗaya, inji ya fasa kafin a cire albasa.

In kun bi iska, kun bi mai, kun bi totur, gudu bai zauna ba, to yanzu ne aka zo ga gwamna da bakunan fesa mai. A kwance pompi dungum, a toshe bakunansa da tsumma mai tsabta, a kai wa mai teburin awo. Ku tambaye shi ko yana da teburin kafin ku ba shi.

Akwai ranar da ba a fata: inji ya ɗauki gudu da kansa, yana ƙara hawa, an ja abin kashewa ya ƙi mutuwa. Wani lokaci baƙin mai yake sha, misali in an cika tasar filtar iska fiye da zane. Kowa ya nisanci na'ura. A rufe famfon tanki, a toshe bakin shan iska da katako mai faɗi. Ba da tafin hannu ba, ba da riga ba, zai haɗiye su.

Mutanen da ke kewaye

Juyi 9 a daƙiƙa ba ya ba mutum lokacin ja da baya. Bakin babbar riga, jelar rawani, gefen zane ko hijabi, in kardan ya kama, kafin direba ya kai hannu ga makulli an gama. Rigar roba da ke rufe kardan ba ado ba ce, in ta fashe a sake ta, a ɗaure ƴar sarƙarta don kada ta juya. Kada kowa ya tsallake shi, a zagaya ta gaba. Mata masu kawo dami da masu kwashe tsaba su tsaya gefen da aka nuna musu, yara kuma a kore su nesa, ko iyayensu za su ji haushi. Direba da yaronsa su sa ƴar shara ko riga mai kama jiki.

Ma'aji kuma ya sayi littafi ɗaya ya ajiye cikin akwatin tarakta. Kowace rana a rubuta awar da agogo ya nuna, da litar man da aka zuba da inda aka saye shi, da ranar da aka sake filtar. In gudu ya rikice a rubuta abu uku: inda allura ta tsaya, launin hayaƙi, da ko inji yana da sanyi ko ya yi zafi. Da wannan littafin za ku je wurin makaniki.